Fitilar Hagu Tana Kallon Sama

Layin asibiti ne ya cinye musu yini. Kafin likitan ƙashi ya duba gwiwar Inna su karɓi magani, rana ta riga ta yi ja, ga shi gida a wani gari yake. Malama kuwa ba ta daɗe da koyon mota ba, ba ta kuma taɓa tuƙi cikin duhu ba. Maigidanta ne ya kamata ya kawo mahaifiyarsa, aiki ya riƙe shi. Da zai miƙa mata makulli ya ce ta kwantar da hankalinta, da hannunsa ya sauya ƙwan fitilun da safe.

Suna fita gari ta kunna fitila. Motar farko da ta taho ta kyafta mata haske. Ta biyu ma haka. Wani mai tirela ya sakar mata fitilunsa gaba ɗaya har titin ya ɓace mata, ya bi ta da dogon hon.

"Me kika yi musu?" in ji Inna.

"Ban sani ba, Inna. A hannuna nake tafiya."

"To ko haɗari aka yi a gaba?"

Malama ta rage gudu. Ta duba ko babbar fitila ta kunna, ta ga ƙarama ce. Ta waiga ko ƙofa ce ba ta rufu ba. Duk motar da ta hango sai gabanta ya faɗi tun kafin ta iso. Abin da ya fi ɗaure mata kai, tana ganin rassan itatuwa tar, amma titin gabanta dishi-dishi. Tana cikin haka taya ta faɗa rami, Inna ta dafe gwiwa ta cije leɓe.

Da ta ga wani gidan mai da aka daina amfani da shi sai ta sauka daga titi, ta tsaya daf da farin bangonsa don ta kira maigidan. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba.

"Ajiye wayar nan ki dubi bango," in ji Inna.

Hasken dama yana ƙasa inda ya dace. Na hagu kuwa can sama ya nufa, a karkace.

"Aikin Auta ne wannan. Tun yana yaro maɓallin rigarsa ba ya shiga ramin da ya dace." Ta laluba sandarta. "Buɗe min ƙofa."

"Inna, likita ya ce kada ki daɗe a tsaye."

"Likita ba ya cikin motar nan. Kashe fitila ta huce, ki ɗaga bonet."

Malama ta san surukinta marigayi direban doguwar tafiya ne, amma ba ta taɓa kawo Inna kusa da inji a ranta ba. Ta haska da waya, ta murɗe marfin da ke bayan fitilar. Ƙwan yana zaune a karkace, 'yar wayar ƙarfen da ke danne shi ba ta maƙale ba. Ta kai hannu da gaggawa, ƙarfen ya ƙona ta a yatsa.

"Na ce ki bari ya huce. Kuma kada ki taɓa gilashin, ta gindi ake kama shi."

Ta yi ta juya shi har ya zauna a gurbinsa. Da ta kunna, hasken ya miƙe, amma har yanzu ya fi ɗan'uwansa tsayi.

"Auta ya ga hasken bai zauna ba, sai ya hau murɗa sukurun saita fitila," in ji Inna. "Kina da alli?"

Jakar malamar makaranta ba ta rasa guntu. Inna ta gwada tsayin fitilar a jikin sandarta, ta ɗingisa zuwa bango ta ja layi. Ta sa Malama ta ja motar baya da ɗan nisa, sannan Inna ta dawo ta tsaya gaban fitilar dama ta tare ta da jikinta. Malama ta ɗauko sukudireba a but, ta kama sukurun. Hasken ya ƙara hawa.

"Ƙasa nake cewa, 'yar nan."

Ta juya hannu. Motoci suna ta wucewa a bayanta, sauro yana cizon ƙafarta, hankalinta rabi a sukuru rabi a gwiwar tsohuwa. A hankali bakin hasken ya sauko, ya taɓa layin, ya ɗan gota ƙasa.

"Tsaya nan. Haka marigayi yake barin ta."

Suka koma titi. Da mota ta fara tahowa Malama ta ƙanƙame sitiyari tana jira, motar ta wuce abinta. Duk da haka kafaɗunta ba su saki ba sai da ta ga ƙofar gida.

Gwiwar Inna ta kumbura suntum, sai da Malama ta tallafe ta har bakin gado. Ta ɗora ruwa, ta kawo tawul ta durƙusa tana gasa mata, yatsanta yana zogi.

"Wani watan ma ke za ki kai ni," in ji Inna, idonta a rufe. "Amma da sassafe za mu tashi."