Wa Zai Ce A Ƙetare

A wani ƙauye da ke ƙetaren gulbi daga Bungudu, Sarkin Fito shi kaɗai ke cewa a saki jirgi ko a ɗaure. Da daminar 1997 Sarkin Fito Abdullahi ya ce a saki, ruwa kuwa ya ciko. Jirgin ya kife da shi da mutanen kasuwa, cikinsu har da Hussaina, 'yar Malam Lawali. Ba a ga gawarta ba. Tun daga ranar, in Lawali ya zo bakin gulbi, sai ya riƙa jin kamar tana kiransa daga tsakiyar ruwa.

Shi ya matsa aka damƙa al'amarin ga dattawa uku, shi ne na ukunsu.

Da shekara ta kewayo, aka taru a ƙofar mai gari don a yanke magana ɗaya: a ci gaba da dattawa uku ko a koma ga mutum guda. Lawali ya ce, "Kan mutum guda ba ya ɗaukar rayukan jama'a. Da akwai mai ce wa Abdullahi a'a, da 'yata tana ɗakinta."

Ma'u mai shayi ya ce, "Malam, in abu ya ɓaci a hannun mutum uku, wa za a tuhuma? Kowa ɗan'uwansa zai nuna."

Ana cikin haka Inno ungozoma ta dogaro sandarta, ta tsaya nesa da tabarmi.

"Ku gafarce ni," in ji ta. "Ranar da na kawo Ladidi bakin ruwa, haihuwa ta zo mata da gardama, cikin dattawan nan uku ɗaya ya ce a tafi asibiti, ɗaya ya ce a dakata, ɗaya yana gona. Kafin bakinsu ya zo ɗaya, ta cika a kan cinyata. Ni dai ku ba ni mutum guda wanda zan roƙa."

Lawali ya sunkuyar da kai. Shi ne wanda ya ce a dakata.

Har la'asar ana ja-in-ja, daga bisani masu son mutum guda suka rinjaya. Da aka zo zaɓe, mai gari ya nuna Lawali, ya ce babu wanda ya kai shi tsoron gulbin nan. Lawali ya ƙi, ya yi ta roƙo, amma aka shafa fatiha.

Ran kasuwar Bungudu ya tsaya a mashigi, ruwa ja wur yana tafe da itace. Mata da ƙwaryar nono suna jira. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ba wanda zai yi shawara da shi.

"Baba, a saki?" in ji matuƙin.

Da ƙyar ya ce, "Saki." Bai zauna ba har jirgin ya taɓa wancan gefen.