Kofin Baba Anselme

Kun sha wuce Baba Anselme a matakalar benen nan na unguwar Panier, yana ɗaga ƙafa shi kaɗai, ku kau da kai ku ce ruɗin tsufa ne. Josiane Ferrandi kaɗai ta tsaya, ita ma don ya tare mata hanya ne, ta dawo daga sayar da kifi a bakin tashar jiragen ruwa.

"Baba Anselme, matsa in wuce, duk ƙarni nake yi."

"Ajiye bokitin. Kama ƙarfen matakalar nan da hagunki."

Shekara arba'in ya yi yana koyar da savate, damben nan da ake yi da takalmi a ƙafa, a wani zaure da yanzu ya koma shagon wanki. Josiane ta taɓa zama ɗalibarsa tana budurwa, ta gudu. Yanzu likita ya ce zuciyarsa ba za ta kai ƙarshen sanyi ba.

"Yaran yanzu sun iya duka," in ji shi. "Amma abin da kakana ya koya a jirgin ruwa, babu mai so. Jirgi na tangaɗi, ka dafa igiya da hannu ɗaya, ka aika ƙafa. In na tafi da shi, ya tafi ke nan."

Ya ɗora kofin gahawa a kan wata matakala daidai tsayin kanta.

"Taɓa shi da bakin takalmi. Ko ɗigo kada ya zuba."

Ta riƙe ƙarfen, ta kai shuri. Kofi ya tarwatse, gahawa ta wanke bango.

"Kash! Ai jaka ma ta iya harbi. Ma'anar savate tsohon takalmi ne, 'yar nan, makamin wanda ba shi da takobi. Ki nuna wa mutum kin isa ki fasa masa baki, sannan ki bar masa haƙoransa. Shi ke nan abin."

"To ni kifi nake sayarwa, ba haƙora ba."

Amma washegari da ƙarfe huɗu na yamma ta dawo, rana ta uku ma haka. Kofuna biyar ta fasa, yana ta ƙorafin tana ƙarar masa da kayan marigayiya matarsa. Mutanen gidan kuwa sai su raɓa ta gefe da ledojin burodinsu, ko sannu babu.

Da ƙafafunsa suka kumbura ya daina fitowa. Sai ta riƙa buɗe ƙofar ɗakinsa, yana kwance yana hukunci da kunne.

"Ya zuba! Na ji!"

"Bai zuba ba!"

"Ƙarya kike, mai kifi. Sassauta gwiwa."

Ranar wata Alhamis, rana na shigowa ta tagar matakala, ta dafa ƙarfen, ta saki numfashi, ƙafarta ta tafi a hankali. Bakin takalmin ya taɓa kofin, ya yi 'yar ƙara siririya. Gahawar ta girgiza, ta kwanta.

Ta tsaya da ƙafa a sama tana jiran tsawarsa. Shiru.

Ta shiga ɗakin, ta same shi ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, sanye da tsofaffin takalmansa na wasa, ya ɗaure igiyoyinsu tsaf. Hannunsa da sauran ɗumi, amma rai ya yi halinsa. Ko ya ji ƙarar, ko bai ji ba, ba ta sani ba. Ta zauna a bakin gadon, ta gaya masa dai.

"Bai zuba ba, Baba."

Mutum shida suka raka shi makabarta, daga gida mai ɗaki ashirin.

Har yau, ƙarfe huɗu na yi, Josiane na nan a matakalar da kofi na ƙarshe, tururinsa na tashi cikin hasken taga, mutane na raɓa ta. Gobe in kun zo wucewa, ku ajiye kayanku, ku kama ƙarfen da hagunku.