Turaren Masu Addu'a

Tela mutum ne da bakinsa bai iya cewa a'a ba. Kawo masa yadi da safe ka ce da yamma kake so, zai sosa ƙeya ya ce to. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda daɗewarta tana koyarwa a firamare, takan ce ko aljani ne ya zo ɗinkin riga, Tela zai auna shi har ya yi masa ragi.

Ranar da likita ya ce ƙullutun da ke nonon Malama ciwon daji ne, Tela ya yi ta naɗe tef ɗin awo a yatsa yana warwarewa. Malama ce ta yi tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, har likitan ya gyara zama. Aka yi mata aiki, sannan aka fara ƙarin ruwan maganin nan mai ƙarfi da ake ce wa kemo, a sha wannan, a huta, a koma a sha wani. Gashi ya zube, ta ɗaura ɗankwali ta ce dama ta gaji da zaman kitso.

Abin da ba na dariya ba shi ne ramar. Tela ya fi kowa sani, domin shi ke ɗaukar rigunanta a ɓoye ya kai shago ya rage su, ya goge ya mayar cikin akwati don kada ta lura. A zuwansu na ƙarshe likita ya duba sikeli ya girgiza kai. Ya ce in ta ƙara ramewa jikinta ba zai ɗauki zagaye na gaba ba, dole a ɗaga, ɗagawar kuwa fili ce ake ba cutar. Ta ci abinci, in ji shi, kuma abincin ya zauna.

Cin, tana ci. Zaman ne matsalar.

Matan coci kan zo addu'a da yamma, kusan kullum. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai sayar da yadi a kasuwa, ana ce mata Mama Ƙararrawa, don in ta ɗaga waƙa a coci ko lasifika ta lalace ba mai lura. Tana da doka: ba a zuwa gaban Ubangiji da warin kicin. Saboda haka kowace mace sai ta yi wanka, ta sa na Lahadi, ta feshe jiki da turare kafin ta tako gidan Tela. Matar Fasto da nata mai ƙamshin fure, Mai Kanti da nata mai zaƙi kamar alewa, na Mama kuwa yakan riga ta shiga ɗaki, kuma sai ta daɗe da fita yake biyo ta. Ko ɗan man da take shafa wa marasa lafiya a goshi sai da ta ɗiga masa turare, don a ganinta rashin ladabi ne a shafa wa mutum mai irin na suya.

Su shigo, su rufe taga kada iska ta bugi maras lafiya, su kewaye gado, su ɗora mata hannu. Waƙa ta tashi, addu'a ta biyo, Mama ta shafa man. Kafin a kai ga amin na ƙarshe, Malama ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo roba. Duk shinkafar da Tela ya lallaɓa ta ta ci da rana sai ta dawo.

"Yana fita," Mama za ta ce, tana shafa mata baya. "Kun gani ko? Ba ya iya zama inda ake kiran sunan Yesu. Fitar da shi duka, 'yata."

Matan su ce amin, wasu har da hawaye. Ganin addu'a tana ci haka, sai suka ƙara yawa. Waɗanda a da suke cewa yara sun hana su, yanzu su ma sun samu lokaci, kowacce da irin turarenta. Shi kansa Tela, a tsaye bakin ƙofa da tsumma a hannu, yakan ce amin da zuciya ɗaya. Yana son matan nan. Su suka zauna da shi a barandar asibiti ranar aiki, su suke ɗaukar wanki su dawo da shi a goge, kuma in suna nan ne kaɗai yake ganin Malama ta buɗe baki tana bin waƙa.

Zanen Mama ne ya tona asiri. Ta ba shi ya kalmashe mata baki, aiki ya yi masa yawa a shago, ya taho da shi gida ya ajiye a hannun kujera kusa da gado. Ranar babu addu'a, matan sun tafi gaisuwa wani gida. Malama ta gama shan shayi da burodi lafiya lau, ta juyo ta gefen kujerar, sai ta jawo roba.

Tela ya dubi zanen, ya dubi matarsa. Ya ɗauke shi ya kai waje, ya buɗe taga, ya dawo ya zauna a bakin gado.

"Malama, yau wa ya yi addu'a?"

Ta kurkure baki ta ƙi kallonsa.

"Turaren ne, ko?"

"Tun zagaye na farko," ta ce. "Maganin nan ya mayar mini da hanci na kare. Suna shan kwanar layinmu nake jin su."

"Kika yi shiru?"

"In ce me, Maigida? In ce wa Mama ƙamshinta ke sa ni amai? Matar da ke rufe rumfarta da rana tsaka saboda ni? In na faɗa, kunya za ta hana su zuwa. Ni kuwa in sun daina zuwa, tsoro ne zai zo ya zauna a madadinsu. In suna waƙa nakan manta da abin da ke jikina." Ta kama hannunsa. "Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa ba."

Bakinsa ya buɗe zai ce to, yadda ya saba. Sai idonsa ya faɗa kan wuyan hannunta, inda agogo ke zamewa har tsakiyar hannu. Ya tashi ya tafi wanke roba bai yi alkawarin ba.

Ya fara gwada dabara irin ta masu kunya. Washegari ya buɗe tagar tun kafin su iso, Matar Fasto ta rufe tana yi masa faɗan rashin kula. Ya ce ko a gajarta addu'ar yau, Mama ta ce ba a yanka wa Ubangiji lokaci kamar yadi. Ya kunna fanka, fankar ta kwashi turaren duka ta juye wa Malama a fuska. Ranar aman ya fi na kullum, matan suka tafi gida cike da godiya.

Da safe ya durƙusa tsakanin keken ɗinki da teburin yanka ya yi addu'ar da ba ta da tsari. Ya ce, "Ya Uba, ka san ni. Ka ba ni baki na yau kaɗai." Sannan ya naɗe zanen Mama ya nufi kasuwa.

Ya same ta tana auna wa wata yadi. Ya gaishe ta, ya tambayi jikoki, ya tambayi ciniki, ya sayi shafin riga da ba ya bukata. Har ya juya zai tafi, ta ce, "Tela, ƙafarka na tafiya, fuskarka na tsaye. Jikin 'yata ne?"

"Mama, aman nan da take yi..."

"Alheri ne."

"Ba cutar ce ke fita ba, Mama. Abincinta ne. Maganin ya sa ba ta jure ƙamshi. Turarenku ne, da man nan. Likita kuma ya ce in ta ƙara ramewa za a tsayar da magani." Ya miƙa mata zanenta. "Ba ita ta aiko ni ba. Ta ma hana ni."

Mama Ƙararrawa ta ajiye almakashi. Ta daɗe tana kallon yadin da ke gabanta.

"Wato mu ne muke kwashe mata abinci daga ciki, muna tafi," ta ce a hankali.

"Ba haka nake nufi ba, Mama."

"Haka ne mana. Je ka, ɗana, na ji."

Da yamma ba wadda ta zo. Washegari ma shiru. Malama ta ci, abincin ya zauna, amma idonta na kan ƙofa, ko babur ya tsaya a layi sai ta ɗaga kai. Daga baya ta dube shi irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya fasa gilashin taga.

"Ka faɗa."

"Na faɗa."

"Shekara da shekaru ba ka iya ce wa kowa a'a ba, sai ni ka fara da ita."

Ta juya fuska bango. Tela ya ji zafin maganar har cikin ƙashi, ya kuma ji tsoro ya yi ɓarnar da allura ba ta gyarawa. Ya zauna yana tsefe wani ɗinki da ba abin da ya same shi.

Kwana na gaba, da yamma, ya ji hayaniya a ƙofar gida. Ya leƙa. Matan coci ne a layi, cikin tsofaffin atamfofi, Mama a bakin ƙofa da hannu a ƙugu. Kowacce ta matso sai Mama ta sunkuya ta shinshina wuyanta, da ɗankwalinta, da jakarta, sannan ta ce wuce.

"Ke, koma."

"Mama, ban fesa komai ba," in ji Mai Kanti.

"Man gashi ne. Ga famfo can, ga sabulun wanki."

Matar Fasto ma ba ta tsira ba, an kama ta da hoda. Ta ce ita dai ba a taɓa yi mata haka ba ko a tashar jirgi, ta tafi famfo tana ƙunƙuni. Ashe kwanakin da ba su zo ba, wanke kaya suke yi suna shanyawa, don turaren shekaru ba ya fita da wanki ɗaya.

Mama ce ta shiga ƙarshe. Ta buɗe tagar da hannunta, ta durƙusa a gaban gado duk da ciwon gwiwarta.

"'Yata, mun zo da ƙauna, mun haɗa da wauta. Ki yafe mana."

Malama ta ja ta jikinta, ta sa hanci a wuyanta ta shaƙa. "Mama, yau kina warin mutane," ta ce, suka yi dariya suna share ido.

Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka shafa man zaitun tsantsa. Aka kai amin na ƙarshe, roba tana ƙarƙashin gado ba wanda ya taɓa ta. Wata tsohuwa ta raɗa wa ta kusa da ita cewa anya yau addu'ar ta shiga kuwa. Mama ta ji.

"Da muna roƙon a fitar, yanzu roƙon a riƙe muke yi. Tela, kawo mata abinci, a gabanmu za ta ci."

Haka aka koma yi. Malama na cin shinkafa da ƙwai, mata na waƙa ƙasa-ƙasa, in ta ajiye cokali su ƙara baiti, sai ta ɗauka. Ta ce ko 'yan aji ɗaya ba ta taɓa matsa wa haka ba.

Ranar komawa asibiti matan suka biyo su. Nas ta tare su a baranda ta ce nan ba coci ba ne, akwai masu barci. Suka jeru a benci, leɓuna na motsi ba sauti, Mama ta cije bakin gyalenta don kada murya ta kuɓuce mata.

A ciki, Malama ta cire takalmi ta hau sikeli. Tela ya kasa kallon allurar, ya kafa ido a fuskar nas. Nas ta rubuta, ta kai wa likita tare da sakamakon jini. Likita ya duba, ya ɗaga gira.

"Malama, kin ɗan yi ƙiba. A shirya mata kujera."

Tela ya leƙa baranda ya gyaɗa kai kawai. Wani "Halleluya" ya tsere daga cikin gyalen Mama, har mai shara ya saki tsintsiya. Nas ta fito za ta yi faɗa, ta tarar da tsofaffi suna rawa a zaune, ta koma.

Aka kwantar da Malama a doguwar kujera, aka nemo jijiya da ƙyar, aka rataye ledar maganin. Tela ya san abin da ke cikin ledar nan. Ya san gobe bakinta zai yi ɗaci, ƙafafunta su ƙi ɗaukarta, ya san kwanakin da za ta yi ba ta iya ɗaga kai daga matashi. Abin da suka yi ta roƙo ke nan, abin da ake yi wa rawa a baranda ke nan. Ya tsaya yana kallon ɗigon farko ya gangaro ta siririn tiyo ya shige hannun matarsa.

"Maigida, kuka kake yi?"

"Godiya nake yi," ya ce.

Ta matsa masa wuri a gefen kujerar. "To zauna mu yi tare, kafin ya fara juya mini ciki."