Muryar da Ta Ƙi Barin Aiki

Shekarun Hamidou a kamfanin sun fi na 'yarsa Nazira yawa. Lokacin da Madam Inès ta tsince shi, gyaran waya yake yi a wata rumfa a kasuwar Nzeng-Ayong, ita kuma ba ta da komai sai kwamfuta ɗaya da wata manhaja mai haɗa direban taksi da fasinja. Direbobin Nijar da ke ci-rani a garin suka ƙi ta. Faransancinsu na baki ne, kuma ba su yarda da abin da zai san inda motarsu ke kwana ba. Sai ta zaunar da Hamidou ta ɗauki muryarsa, ya faɗi komai da Hausarsa ta Maraɗi. Tun daga nan, duk direban da ya kunna waya da safe, Hamidou ne ke yi masa sallama, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, inda kake amana ce a hannunmu. Ba mai ji, ba mai gani."

Ba Inès ta rubuta wannan ba. Shi ya ƙara da bakinsa, kuma a lokacin gaskiya ne. Direbobin har amsa sallamar suke yi, don a cewarsu ba a barin sallama a ƙasa.

Hamidou ya so wurin aikin nan. A bironsu, ofishin unguwar Cocotiers, aka ware masa lungun salla tun kafin ya roƙa. Ranar sunan Nazira, Inès ta zo da ɗankwali a karkace, ta zauna a tabarma ta ci fanke. Da kamfani ya girma aka sayar wa wasu, ita ta koma mai karɓar umarni. Sabbin masu shi suka fara sayar da wuraren kwanan motoci ga wani kamfani mai kama duk motar da takardunta ba su cika ba. Hamidou ya gani da idonsa a kwamfuta. Cikin waɗanda aka yi wa jan layi har da wani kango a Okala, inda tsoho Yacouba ke ɓoye taksinsa.

Ya shiga wajen Inès bai ko ƙwanƙwasa ba.

"Madam, a cire muryata."

"Ba tawa ba ce yanzu, Hamidou. Ba taka ba ce kuma. Ta kamfani ce."

"To a cire maganar amanar kawai. A bar sauran."

Ta cire tabarau ta murza ido. "Wannan maganar ita suka saya. Kana tsammanin kwamfutocinmu suka gani suka yi sha'awa?"

"To na bar aiki."

"Kart sejur ɗinka fa, takardar izinin zamanka a ƙasar nan? Da sunanmu ake sabunta maka. Nazira tana tsakiyar karatu." Ta sassauta murya. "Ka zauna. Daga ciki wataƙila mu gyara."

Ya daɗe yana juya wannan a ransa tun kafin ya shigo. In ya zauna yana cin abincinsu, da wane baki zai ce wa mutane su guje su? Ya ga sai ya wanke hannu tukuna za a yarda da shi. Ya ajiye katin shiga a teburinta. Katin ya zame ya faɗi ƙasa, ba wanda ya duƙa.

La'asar ta same shi a Nzeng-Ayong, wajen mai shayin da direbobi ke taruwa. Ruwan sama ya jiƙa shi, rigar ta manne a baya. Ya faɗa musu komai a tsaye, yana haki, magana na hawa kan magana.

Yacouba ya kurɓi shayi. "Yanzu dai kana can ko ba ka can?"

"Na bari yau, Baba."

"Ka bari, ko an bar ka?"

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Jiya jiya kamfaninmu, yau da aka karɓe kati sun zama ɓarayi."

"Wallahi don ku na bari. Baba, ka ɗauke motarka daga Okala yau. Ka kashe wayar nan."

"In kashe, fasinja ya same ni ta ina? Ta mafarki?" Yacouba ya miƙe yana kaɗe riga. "Ɗana, da kana ciki ka zo ka raɗa mini, da na ce ka ga wani abu. Amma mai fushi komai ma gani yake yi. Je ka gida, matarka Hawaou ta ba ka abinci mai zafi."

Yacouba ya shiga mota ya kunna waya. Muryar ta fito a natse, muryar Hamidou tun bai yi furfura ba, ta yi sallama.

"Wa alaikumus salam," in ji Yacouba. Ya dubi Hamidou ta taga, da tausayi. "Ka ji? Wannan ya fi ka hankali."

Motar ta tashi. Hamidou ya bi ta 'yan taku, ya tsaya. A bayansa wani direban ya kunna tasa wayar, sallamar ta sake tashi. Ya juya da gudu ya riƙe ƙofar motar da hannu biyu, ya sa kai ta taga, ya ɗaga murya don ta danne ta cikin wayar.

"Ɗan'uwa, don Allah kar ka amsa masa. Ni ka saurara."