Ƙafar Keken Yaya

Ƙafar bayan keken Tsinke ta mutu ne ƙarƙashin motar gidan burodin da yake wa aiki. Direba ya yi baya bai duba ba, gargaren ya lanƙwashe kamar kunnen kofi. Direban ya ba da haƙuri har da dafa ƙirji, amma haƙuri ba ya hawa kwalta. Ga gwajin shiga ƙungiyar 'yan tseren keke ya matso, kuma Koci, mai horar da ƙungiyar, ya riga ya faɗa masa a gaban kowa cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe. Wanda bai shiga yanzu ba, ya je ya nemi wata sana'ar.

Ƙafa ɗaya ta rage a gidansu, tana rataye a bangon shagon ɗinkin yayansa, saman keken ɗinki. Ba ta da wayoyi irin na sauran ƙafafu, rufaffiya ce ruf, baƙa, kamar faifai, an yi ta ne don ta yanka iska ranar tsere. Da ita Yaya ya yi tashensa kafin mota ta karya masa gwiwa. Tun daga nan ko matarsa ba ta isa ta goge mata ƙura ba.

Tsinke ya tsaya a ƙofar shagon yana sosa ƙeya. Yaya bai ɗago daga wuyan rigar da yake ɗinkawa ba.

"Sauke ta," in ji shi. "Amma ka sani, ta ranar tsere ce. Ba ta yawon kullum ba ce."

"Yaya, in ban yi atisaye ba, me zan kai ranar tseren?"

Yaya ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Haka Tsinke ya mayar da kayan ado kayan aiki. Kullum da sassafe, kafin ya shiga ɗora burodi a mota, sai ya fita da ita bayan gari. Ƙafar tana da wani gurnani in ta ɗauki gudu, har masu shara suka san shi da shi. Abokan aikinsa suka ce ya sato murfin tukunyar gidan biki. A kan gada iska kan make ta daga gefe ta nemi watsa shi gaban manyan motoci, ya riƙe kan keken gam. Kowane rami ya faɗa, sai ya ji abin a haƙoransa. Tayar kuwa siririya ce, ta tsere, kullum tana ƙara sulɓi. Ya gani sarai, ya kau da kai, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Koci ma ya gani, ya girgiza kai ya ce, "Kana cinye guzurinka tun a gida."

Ranar gwaji Tsinke ya ƙi sa keken a motar haya, kada a danne ƙafar da kaya. Ya ce zai taka a hankali zuwa filin, ya ɗumama jiki. Ya wuce gada, ya wuce gidan mai na ƙarshe, sai ya ji bayan keken ya yi laushi. Wata 'yar ƙusa ce, wadda sabuwar taya ko kallonta ba za ta yi ba.

Ya tura keken zuwa rumfar wani mai faci da ke bakin hanya, dattijo mai furfura a gemu, yana zaune kan tsohuwar tayar tirela.

"Baba, taimake ni. Sauri nake."

"Kowa sauri yake, ɗana. Kawo mu gani."

Facin bai ɗauki lokaci ba. Wajen ba da iska ne aka tsaya. Bawul ɗin irin wannan ƙafa, wato bakin da iska ke shiga taya, yana cikin wani ɗan rami ne a jikin faifan, kuma sai da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ake kai masa iska. Tsinke ya laluba aljihun bayan rigarsa. Ya sake lalubawa. Ya zazzage 'yar jakar ƙarƙashin sirdi a ƙasa. Ƙarfen yana aljihun rigar atisayensa, wadda ya cire jiya ya jiƙa a bokiti.

Mai faci ya gwada kan injinsa na ba da iska, ya yi wa ramin girma. Ya ɗauko famfon hannu, shi ma bai shiga ba. Ya gwada ta gefe, ya gwada da guntun roba, iska na fita ta ko'ina ban da inda ake so. Tsinke ya tsugunna ya gwada da kansa har ya fasa ɗan yatsa. Ya tare masu kekuna biyu da suka wuce, duk ƙafafunsu na ɗaukar kaya ne. Rana tana ta hawa.

"Dabara ɗaya ce," in ji mai faci, ya zaro wuƙar da yake yankan roba. "In ƙara wa ramin faɗi kaɗan. Kan injin zai shiga."

"Ba tawa ba ce, Baba."

"To kira mai ita."

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin Yaya ya ɗauka. Tsinke yana jin keken ɗinki na tafiya. Ya faɗi abin da ya faru, bai ɓoye komai ba, har da bokitin. Keken ɗinkin ya tsaya. Tsinke ya duba ko wayar ta katse.

"Ba wata hanya?" in ji Yaya.

"Babu, Yaya."

"A yanka."

Mai faci ya yi bismilla ya sa wuƙa. Ba za a ce ya yi ganganci ba, a hankali ya bi, yana hura garin da ke zuba. Kan injin ya shiga. Taya ta fara tashi, ta yi tauri, Tsinke yana matsa ta da babban yatsa yana cewa a ƙara, don tayar tsere ba ta son wasa. A nan ne suka ji wata 'yar ƙara, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Tsaga ta tashi daga bakin yankan, ta bi ta wani tsohon rauni da ramukan hanya suka bari a ciki, ta kai har gargare. Gefen ya buɗe, tayar ta zame ta fashe.

Dattijon ya ajiye wuƙar a ƙasa. "Sannu, ɗana," kawai ya iya cewa.

Tsinke ya zauna a turɓaya, ƙafar a kan cinyarsa. Ya so ya yi kuka, kukan ya ƙi zuwa. Ya haɗa bakin tsagar da hannu biyu ya matse, ya saki, ta sake buɗewa.

Wayarsa ta yi ƙara. Wannan karon ba keken ɗinki a bayan muryar Yaya, sai hayaniyar mutane da usur.

"Na rufe shago, na hau babur, ga ni a filin," in ji Yaya, yana haki. "Rabona da wurin nan tun ina da gwiwa. Na roƙi Koci ya mayar da kai na ƙarshe a layin gwaji, ya yarda. Ta sha iskar?"

Tsinke ya dubi ƙafar. Ya dubi hanyar da ta miƙe gabansa, ba ko inuwa.

"Ina hanya, Yaya."

Ya mayar da ƙafar jikin keken, ya ɗaure ta yadda aka koya masa. Tsinke ya saɓa keken a kafaɗa, ya hau kwalta da takalman tserensa masu ƙarfe a ƙasa, ya fara gudu.