Rabin Maganin Dodo

Duk wanda ya yi wayo a Gummi ya san Dodo da Manu ba a raba su. Tun suna samari, lokacin da Manu ke koro shanu daga wajen Nasarawa Burkullu ya sauka a zauren su Dodo ranar kasuwa, komai biyu suke raba shi. Goro ɗaya, fura ƙwarya ɗaya, har tsire sai an ƙirga an raba tsakaninsu. A zamanin mutum kan taka hanyar nan shi kaɗai yana waƙa. Yanzu hanya ta lalace, ƙafa ta ɗauke, sai dai saƙo a bakin direbobi. Dodo yana kewar abokinsa ƙwarai.

Ga tsufa ya zo masa da hawan jini. Duk wata yakan je ɗan asibitin Malama Esther, wadda ta duba matarsa har ta rasu, take kuma duba jikokinsa. To amma wata ya bi wata, awo ya ƙi sauka. Ta ce masa zuciyarsa ta fara gajiya, in aka ci gaba a haka wata rana faɗuwa zai yi. Da ta matsa masa da tambaya, sai tsohon ya faɗa mata, ko kunya babu, cewa Manu ya aiko yana ciwon kai, shi kuwa bai ga yadda zai sha magani shi kaɗai ba. Rabi yake sha, rabi ya ba direba ya kai wa Manu.

Malama ta rasa dariya za ta yi ko faɗa. Ta ce rabin magani bai warkar da kowa, a kawo mata Manun ta gan shi.

Da ƙyar Manu ya samu mota ya zo, ya rame, gemu fari fat. Aka ɗaura masa abin awo a dantse, jininsa lafiya lau. Sai ya laluba aljihu ya kwance wani ƙyalle, ga ƙwayoyin nan cif, ko ɗaya bai sha ba.

Dodo ya ce, "Kai Manu, mi ad dalili?"

Manu ya sunkuyar da kai. "Ciwon kan kwana guda na, Dodo. Amma in nac ce na warke, mi za ka zanka aiko min?"