Sadakar Littattafan Wahab

Mijina Wahab direban tasi ne, ya rasu cikin sanyin bana a nan Bronx, a Amurka. Ya bar littattafai a saman kabad, kowanne a naɗe da koren ƙyalle. Ni ban yi nisa a boko ba, Turancina na cefane ne. A gidanmu a Kumasi an koya mini cewa littafin da aka naɗe aka ɗora sama na Allah ne, ba a taɓa shi sai da alwala.

Da addu'ar arba'in ta matso, na ce zan yi masa sadaka mai gudana. Na yi alwala na sauko da su duka. Ban buɗe ko ɗaya ba, ƙamshin turarensa ya hana ni. Na zuba a kwali, maƙwabci ya kai masallacinmu na Morris Heights. Liman Tamimu ya aiko cewa bayan sallar Juma'a zai ɗaga su ɗaya bayan ɗaya gaban jama'a, a yi wa mai su addu'a.

Ranar Alhamis 'yarmu Rukaya ta kira daga makaranta.

"Mama, littafin dariyar Baba, ki ajiye mini shi."

"Ban gan shi ba tun rasuwar."

"Yana saman kabad. Bangonsa ya cire, shi ne Baba ya naɗe shi da ƙyalle."

Na zauna a ƙasa, wayar na hannuna.

Na san littafin. Wahab ya saye shi a teburin masu tsofaffin littattafai a unguwar Harlem. Wani tsohon Ba'amurke mai gashin baki ne ya rubuta shi tun zamanin kakanni, kuma bai bar kowa ba: 'yan majalisa masu kwaɗayi, masu neman kuɗin dare ɗaya, har da masu wa'azin da bakinsu ke sama hannunsu ke aljihun mutane. Ranar Lahadi bayan abinci Wahab kan karanta, ya mayar mini da Hausa yana dariya har da tari. Yakan ce, "Zuweira, tsohon nan da murmushi yake yanka." Wani lokaci sai ya sa wa mutanen ciki sunayen 'yan kwamitin masallaci.

Wannan ne na kai ɗakin Allah da sunansa. Na hango liman ya ɗaga shi, wani yaro ɗan boko ya karanta da ƙarfi, sahu ya ɗauki guna-guni. Mutumin da bai taɓa fashin asuba ba, abin da za a riƙa tunawa da shi ke nan. Kuma ba ya nan balle ya kare kansa.

Na kira liman, wayarsa a kashe. Na sake kira. Ga shi ina takaba, tun jana'iza ban taka waje ba. Da gari ya waye ranar Juma'a na zura babbar rigar sanyin Rukaya a kan hijabina, na ce Allah ya ga lalurata.

Na bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, yana wucewa ta kaina kamar zai zubo. A bakin shagon kifi na ci karo da Hajiya Adjara, wadda labari ba ya kwana a bakinta, kafin la'asar ya isa Kumasi.

"A'a, Zuweira! Takabar Amurka har da shan iska?"

"Lalura ce, Hajiya."

"Allah ya sawwaƙe. Ni dai ban ga komai ba."

Ta ga komai. Ban tsaya ba.

Na tarar da liman a ƙaramin ofishinsa, kwalin a buɗe, korayen ƙyallaye a ninke gefe guda. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Malam, na yi kuskure. Akwai wanda ba na masallaci ba."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da littafin, ya sa a baƙar leda ya ƙulle.

"Tun shekaranjiya na ware shi. Ba wanda ya gani sai ni."

"Malam, wallahi mutumin kirki ne. Dariya kawai yake so."

"Na san Wahab, Malama Zuweira. Tafsirinsa da hadisansa zan ɗaga yau. Ki koma gida kafin mutane su taru."

Na karɓi ledar da hannu biyu, na yi godiya. Har na juya ya yi gyaran murya.

"Na ɗan leƙa ciki," ya ce, ya rage murya. "Mai wa'azin nan na ƙarya, asirinsa ya tonu kuwa a ƙarshe?"

Na buɗe baki, sai na ga ban sani ba. Ba mu kai wurin a littafin ba ciwon ajali ya kwantar da Wahab.

"Bai gaya mini ba, Malam," na ce.

Na rungume ledar cikin rigar sanyi, na fita ta ƙofar mata.